Tarihin Rayuwar Otto Loewi (1873-1961)

1.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin rayuwar Otto Loewi, likita kuma masanin aikin magunguna a jiki, ɗan asalin ƙasar Jamus. Shi ne ya fara nunawa a ɗakin gwaje-gwaje cewa jijiya tana isar da saƙonta ga zuciya ne ta hanyar zubo wani sinadari. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar hanyoyin da jini ke bi, tana kuma ɗaukar zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki. Duk inda aka ambaci jijiya a wannan babi, ma'ana ta biyu ake nufi.

Yawancin masu ba da labarin Loewi sukan tsaya ne a kan wani mafarki da ya yi, wanda ya nuna masa hanyar gwajinsa. To amma mafarkin dare biyu ne kacal daga cikin rayuwar shekara 88. Abin da ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya fi lura da shi, shi ne shekarun da wannan masani ya yi yana tara sani kafin mafarkin, da kuma shekara biyar da ya yi bayansa yana bin diddigin abin da ya gani, har ya gano abin da ke share saƙon jijiya bayan ya isa. A kan wannan kashi na aikinsa ne aka gina gwajin da ake yi a yau domin auna gubar maganin ƙwari a jinin mutum.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Otto Loewi ranar 3 ga watan Yuni, 1873 a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Sunan mahaifinsa Jacob Loewi, ɗan kasuwa ne mai fataucin ruwan inabi, mahaifiyarsa kuwa sunanta Anna Willstätter. Ya yi karatun sakandare a garin haihuwarsa, a irin makarantun da suka fi ba harsunan Latin da Girkanci da adabi muhimmanci. A waɗannan fannoni ya yi fice, ba a lissafi ko kimiyya ba. Burinsa a lokacin shi ne ya karanci tarihin zane-zane da fasaha. Iyayensa suka ga cewa wannan fanni ba zai riƙe gida ba, suka matsa masa ya karanci aikin likita, shi kuma ya bi umarninsu.

3.0 Karatun Likita

A shekarar 1891 Loewi ya shiga Jami'ar Strasbourg, birnin da a wancan zamani yake ƙarƙashin mulkin Jamus. Shekarunsa na farko ba su nuna alamar zai zama wani abu a fagen kimiyya ba. Yakan bar darussan likita ya tafi sauraron laccocin falsafa da adabi, kuma da ƙyar ya haye jarrabawarsa ta farko. Da ya koma Munich na wani ɗan lokaci, gidajen kiɗa da na adana zane-zane suka fi jan hankalinsa fiye da aji.

Abin da ya sauya shi malami ne. Bayan ya dawo Strasbourg sai ya fara halartar darussan Farfesa Bernhard Naunyn, wanda yake koyar da cututtuka ta hanyar bin musabbabinsu daki-daki. Daga nan ne sha'awar fannin ta shige shi. Ya rubuta kundin digirinsa a ƙarƙashin Oswald Schmiedeberg, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin aikin magunguna na zamani, ya kuma kammala a 1896. Kundin ya duba yadda wasu guba suke taɓa zuciyar kwaɗo da aka cire daga jiki. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin zuciyar kwaɗon ce ya koma wa bayan shekara 25.

4.0 Daga Asibiti zuwa Ɗakin Bincike

Bayan ya ƙara karatun ilimin sinadarai na ɗan lokaci, Loewi ya kama aiki a asibitin birnin Frankfurt tsakanin 1897 da 1898, a ƙarƙashin Carl von Noorden. A nan ya ga yadda tarin fuka da ciwon huhu suke ɗauke mutane, har da matasa majiya ƙarfi, likita yana tsaye ba shi da maganin da zai ba su. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Ya yanke shawarar barin duba marasa lafiya ya koma binciken yadda jiki da magani suke aiki, da fatan a can ne za a samo abin da asibiti ya rasa.

A 1898 ya zama mataimaki ga Farfesa Hans Horst Meyer a Jami'ar Marburg. A can ne ya nuna, a shekarar 1902, cewa jikin dabba yana iya gina furotin daga ƙananan sinadaran da furotin yake rarrabewa zuwa gare su, abin da masana da yawa suke musu a lokacin. A wannan shekara ya je Landan ya yi wasu watanni a ɗakin binciken Ernest Starling, inda ya haɗu da wani matashin masani Baturen Ingila mai suna Henry Dale. Abotarsu ta ɗore har ƙarshen rayuwar Loewi.

Da Meyer ya koma Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, Loewi ya bi shi. A 1908 ya auri Guida Goldschmiedt, 'yar wani farfesan ilimin sinadarai, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya. A 1909 aka naɗa shi farfesan ilimin aikin magunguna a Jami'ar Graz, ita ma a Ostiriya, inda ya yi shekara 29 yana koyarwa da bincike.

5.0 Matsalar da ta Dami Masana

Kafin a fahimci aikin Loewi, dole ne a san tambayar da ke gaban masana a farkon ƙarni na 20. An riga an san cewa saƙo yana tafiya a cikin jijiya ne a matsayin wani ɗan motsi na lantarki. An kuma fara yarda cewa ƙarshen jijiya bai manne da tsokar da yake umarta ba, akwai ɗan siririn giɓi a tsakaninsu. Tambayar ita ce: yaya saƙo yake tsallake wannan giɓi? Mafi yawan masana suna ganin lantarkin ne yake tsallakawa kai tsaye. Kaɗan daga cikinsu, kamar Thomas Elliott na Ingila a 1904, sun yi hasashen cewa jijiya tana zubo wani sinadari ne, sai dai babu wanda ya kawo hujjar da za a gani da ido. Loewi kansa ya taɓa furta irin wannan tunani a wata hira da masani Walter Fletcher a 1903, amma da yake bai ga hanyar gwada shi ba, sai ya manta da zancen.

A gefe guda kuma, akwai wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1867. A 1914 Henry Dale ya nuna cewa idan aka sa wa dabba shi, yakan haifar da irin abin da wasu jijiyoyi suke haifarwa, kamar rage bugun zuciya, sannan tasirinsa ya ɓace nan da nan. Dale ya yi zaton akwai wani abu a jiki da yake rusa shi. Sai dai a lokacin ba a taɓa samun asetilkolin a jikin dabba ba, don haka zancen ya tsaya a nan.

6.0 Gwajin Zukatan Kwaɗi

Kamar yadda Loewi ya ba da labari a tsufansa, a wani dare na bikin Ista ya farka daga barci da wani tunani, ya kunna fitila ya rubuta shi a 'yar takarda, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye ya kasa karanta rubutun nasa, ya kuma kasa tuna abin da ya gani. Ya yini cikin damuwa. A dare na biyu, wajen ƙarfe uku, tunanin ya dawo. Wannan karo bai tsaya rubutu ba, ya tashi ya nufi ɗakin gwaje-gwaje.

Ga yadda gwajin yake. Zuciyar kwaɗo takan ci gaba da bugawa na tsawon sa'o'i bayan an cire ta, matuƙar an cika ta da wani ruwan gishiri da aka daidaita. Loewi ya cire zukatan kwaɗi biyu. Ta farko ya bar ta da jijiyarta mai suna bagus, wadda aikinta shi ne rage saurin bugun zuciya. Ta biyu kuwa ya raba ta da jijiyarta. Ya taɓa jijiyar ta farko da lantarki na wasu mintoci, bugunta ya ragu kamar yadda aka sani. Sai ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba a ta biyu. Nan take ita ma bugunta ya ragu, alhali babu jijiyar da ta umarce ta, babu kuma lantarkin da ya taɓa ta. Ruwa kaɗai ya haɗa zukatan biyu, saboda haka dole umarnin yana cikin ruwan ne. Loewi ya raɗa wa abin da ke cikin ruwan suna Vagusstoff da Jamusanci, wato sinadarin bagus. Ya kuma nuna cewa jijiyar da ke ƙara saurin zuciya ita ma tana zubo nata sinadarin. An buga sakamakon a 1921, a wata takarda mai 'yan shafuka.

Ba a karɓi wannan sakamako hannu biyu ba. Masana da dama sun maimaita gwajin bai yi musu ba, har wasu suka yi zargin kuskure ne. Daga baya aka fahimci cewa irin kwaɗon da aka yi amfani da shi, da lokacin shekara, da sanyi ko zafin ɗaki, duk suna da tasiri. A 1926, a taron masana aikin jiki na duniya da aka yi a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin, sai da Loewi ya maimaita gwajin sau da yawa a gaban jama'a kafin masu shakka suka fara saukowa.

7.0 Waken Kalaba da Gano Kolinestares

Tambayar da ta rage ita ce mene ne wannan sinadari, kuma me ya sa yake saurin ɓacewa. Adadinsa a cikin ruwan ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba a iya tace shi a auna da kayan aikin wancan zamani. Don haka Loewi da mataimakinsa Ernst Navratil suka bi ta bayan gida: suka riƙa kwatanta halayensa da na sinadaran da aka sani, ɗaya bayan ɗaya. Sun ga cewa maganin atirofin, wanda ake samun danginsa a tsiron zaƙami, yana hana shi aiki kamar yadda yake hana asetilkolin. Sun kuma ga cewa idan aka haɗa shi da ruwan naman zuciya yakan rasa ƙarfinsa, haka ma asetilkolin. Wannan ya nuna musu cewa a cikin naman akwai wani inzayim da yake rusa su. Inzayim wani nau'in furotin ne da jiki yake yi domin hanzarta haɗa wani sinadari ko wargaza shi, ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wani tsiro na kudu maso gabashin Nijeriya. Mutanen Efik na yankin Kalaba suna da wani wake mai guba da suke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake zargi da maita ko wani babban laifi ya sha. Idan ya amayar ya rayu sai a wanke shi, idan ya mutu sai a ce laifinsa ne ya kama shi. 'Yan mishan na ƙasar Sikotland suka aika da waken zuwa birnin Edinbara, inda Farfesa Robert Christison ya gwada shi a kansa a 1855, ya sha da ƙyar. A 1864 aka tace gubar da ke cikinsa aka kira ta fisostigmin, ana kuma kiranta eserin, daga sunan waken a harshen Efik. Likitoci sun daɗe da sanin cewa eserin yana ƙara ƙarfin aikin jijiyar bagus, amma ba su san dalili ba.

A 1926 Loewi da Navratil suka nuna dalilin. Eserin ba ya taɓa jijiya, ba ya kuma taɓa tsokar zuciya kai tsaye. Inzayim ɗin nan yake ɗaurewa, sai sinadarin bagus ya taru ya daɗe yana aiki. Ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka bayyana aikin wani magani da cewa hana inzayim aiki yake yi. Daga waɗannan hujjoji suka kai ga cewa sinadarin bagus asetilkolin ne. A 1929 Dale da Harold Dudley suka tace asetilkolin daga saifar doki da ta sa, abin da ya tabbatar da cewa jiki yana yin sa. A 1932 Edgar Stedman da abokan aikinsa a Edinbara suka ba inzayim ɗin sunan kolinestares.

Muhimmancin wannan inzayim a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo. Malamin da ba ya share allo ba zai iya rubuta darasi na gaba ba. Haka jijiya take: sai an share saƙon farko kafin na biyu ya sami wuri. Ƙwaya ɗaya ta kolinestares tana wargaza dubban ƙwayoyin asetilkolin a cikin daƙiƙa guda. Da eserin ne kuma Dale da Wilhelm Feldberg da Marthe Vogt suka kare asetilkolin daga rushewa, har suka nuna a 1936 cewa shi ne yake kai umarni ga tsokar da muke motsa gaɓoɓi da ita.

8.0 Kyautar Nobel da Gudun Hijira

A 1936 aka ba Loewi da Dale kyautar Nobel a fannin aikin jiki da likitanci. Bai cika shekara biyu da karɓarta ba duniya ta juya masa baya. A watan Maris na 1938 Jamus ƙarƙashin Hitler ta haɗiye Ostiriya, kuma a daren farko aka kama Loewi, aka tsare shi tare da 'ya'yansa maza biyu saboda kasancewarsu Yahudawa. Yana da shekara 64. Abin da ya fi damunsa a kurkuku shi ne wani sakamakon bincike da bai riga ya buga ba, domin yana tsoron za a kashe shi abin ya bi ruwa. Ya roƙi fensir da takarda, ya rubuta shi a taƙaice, ya samu aka aika wa mujallar da yake bugawa a cikinta.

Bayan kimanin wata biyu aka sake shi. Sharaɗin barinsa ƙasar shi ne ya sallama dukiyarsa duka, har da kuɗin kyautar Nobel da ke ajiye a wani banki a Sitokhom. Ya isa Ingila hannu rabbana, abokinsa Dale ya sauke shi. Ya yi aiki na ɗan lokaci a wata jami'a a Burasel ta ƙasar Beljiyam, sannan a Okusfod, kafin a 1940 Jami'ar Niyu Yok ta ba shi kujerar farfesan bincike. Matarsa ba ta samu fitowa ta iske shi ba sai a 1941. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1946, ya ci gaba da bincike da ganawa da ɗalibai, musamman a cibiyar nazarin halittun ruwa ta Woods Hole inda yakan yi bazara. Ya rayu har ya ga John Eccles, babban mai kare ra'ayin lantarki, ya sauko a farkon shekarun 1950 bisa hujjar gwajin da shi Eccles ya yi da hannunsa. Loewi ya rasu a Niyu Yok ranar 25 ga Disamba, 1961.

9.0 Abin da Ya Bari

Ba a sanin kaifin dutsen niƙa sai an zuba masa hatsi. Haka ba a auna ƙarfin inzayim sai an ba shi sinadarin da yake aiki a kansa, a ga saurin da yake wargaza shi. Asetilkolin da abubuwan da yake rarrabewa zuwa gare su ba su da launi, don haka auna su yana da wuya. Masana suka koma ga wani ɗan'uwansa da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje, mai suna asetiltayokolin, wanda aka sa ƙwayar zarra ta farar wuta a gurbin wata ta oksijin a cikinsa. Kolinestares yana wargaza shi kamar yadda yake wargaza na asali. A 1949 George Koelle da Jonas Friedenwald suka yi amfani da shi wajen nuna wuraren da inzayim ɗin yake a cikin nama. A 1961, shekarar da Loewi ya rasu, George Ellman da abokan aikinsa a Kalifoniya suka fito da hanya mai sauƙi: idan inzayim ya wargaza asetiltayokolin, ɓangaren da ke ɗauke da farar wuta yakan haɗu da wani sinadari da aka zuba, ruwan ya koma rawaya. Saurin rinewar ruwan shi ne ma'aunin ƙarfin inzayim.

Wannan gwaji ya shafi rayuwarmu kai tsaye. Yawancin magungunan feshi na rukunin oganofosfet, ciki har da wanda aka fi sani da fiya-fiya, suna kashe ƙwari ne ta hanyar ɗaure kolinestares, kuma haka suke yi wa mutum. Wanda ya shaƙa da yawa ko ya sha, asetilkolin yakan taru a jikinsa: miyau ya riƙa dalala, gumi ya karyo, baƙin ido ya tsuke, tsoka ta riƙa karkarwa, bugun zuciya ya ragu, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Atirofin na cikin magungunan da likita yake ba irin wannan majinyaci. A wani ɓangaren kuma, ana amfani da magungunan da ke rage aikin inzayim ɗin bisa ƙa'ida wajen jinyar wata cutar raunin tsoka da kuma sassauta cutar mantuwa ta Alzheimer, kuma da asetiltayokolin ake gwada sababbinsu.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ɗalibin da ya shiga fannin likita ba da son ransa ba ya zama mai buɗe sabon babi a ilimin jijiyoyi, bayan da ya gamu da malamin da ya iya koyarwa. An ga cewa gwajin da ya zo masa cikin barci ya haɗa abubuwa biyu ne da ya daɗe da su: zuciyar kwaɗo da ya sani tun 1896, da tunanin da ya furta a 1903. An kuma ga cewa bai tsaya ga gwajin farko ba, sai da ya yi shekara biyar yana amsa masu shakka da hujja, har ya kai ga inzayim mai share saƙo. An ƙwace masa kujera da gida da kuɗin kyauta, amma abin da ya rubuta ya kuma koyar yana nan ana aiki da shi.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilin da ya sa Loewi ya bar aikin asibiti ya koma bincike.
2. Kawo matakan gwajin zukatan kwaɗi bi da bi, tare da nuna abin da zuciya ta biyu ta tabbatar.
3. Wace rawa waken Kalaba ya taka wajen gano kolinestares?
4. Me ya sa ake amfani da asetiltayokolin a maimakon asetilkolin wajen auna ƙarfin inzayim?
5. Tsara darasin minti 40 ga 'yan ƙaramar sakandare a kan haɗarin maganin feshi, ta amfani da misalin share allo.